Sil Ɗin Da Ƙishirwa Ta Kashe A Ɗakin Famfo

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu ba su rabu da ƙaurin ƙonanniyar roba ba, ni makaniken tsohon famfo na masana'antar sabulu, a madadin kaina da iyalina da duk wanda ya taɓa ratsa ɗakin famfo bai zame ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikina, aminina, rufin asirina, wato sil ɗin tsohon famfo, wanda aka fi sani da Malam Shiru. Rai ya yi halinsa ranar da masu kamfani suka kawo ziyara, da rana tsaka, yana bakin aikinsa, a bayan tamfol, babu kowa a kansa. Ƙishirwa ce ta kashe shi, a ɗakin da ba a komai cikinsa sai tura ruwa.

Saboda waɗanda ba su san marigayi ba, kuma suna da yawa, don shi ba ya cikin waɗanda ake ɗaukar hoto da su, ya kamata in faɗi ko wane ne shi. Famfonmu yana tura ruwan zafi zuwa cikin boila, babbar tukunyar da ke ba masana'anta tururi. Akwai sandar ƙarfe mai juyawa, mu muna ce mata shaf, wadda ta taso daga injin lantarki ta shiga cikin famfon ta wata 'yar kafa. Ruwan da ke ciki a matse yake, a fusace, kullum neman hanyar fita yake yi, kuma babu hanyar da ya ƙwallafa rai a kanta kamar wannan kafa. To, a nan marigayi ya zauna. Zobba biyu ne jikinsa. Ɗaya baƙi kamar gawayi, yana juyawa tare da shaf, ɗaya fari kamar tangaran, yana tsaye cak, ga sifirin a baya yana danne su fuska da fuska. Shaf ta yi ta juyinta, ruwa ya yi ta dukan ƙofa, shi kuwa ko gezau. Duk girmansa bai wuce tafin hannu ba.

Abu ɗaya tak ya taɓa nema a wajenmu. Fuskoki biyu da ke gugar juna daga safe har yamma dole su ɗau zafi, balle ga maƙwabtaka da tafasasshen ruwa. Don haka akwai wani siririn bututun tagulla, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba, mai kawo masa ruwan sanyi. Ruwan ya zagaye shi, ya kwashe zafin, ya fito ta ƙasa yana tsiyaya cikin mazurari inda ido zai gani. Cinsa ke nan, shansa ke nan. Kowace safiya, kafin in gaisa da ɗan'adam, sai na tara bayan hannuna a bakin wannan mazurari. Idan ruwan ya fito da ɗumi irin na wankan jariri, na san ya tashi lafiya. Idan ya ɗan fi haka, sai in murɗa masa bawul hagu kaɗan, ruwa ya ƙaru. Hagu buɗewa, dama rufewa. Gaisuwarmu ke nan shekara da shekaru.

Marigayi ya kasance mai haƙuri, mai kawaici, mai riƙon amana. Ƙarƙashinsa a bushe yake ƙayau, har masu shara sukan ajiye takalmansu a wurin. Shekarar da wutar lantarki ta yi ta ɗaukewa tana dawowa kamar mai wasa da mu, injuna da yawa sun kwanta, wasu ba su sake tashi ba, shi kuwa ko ɗigo bai zubar ba. Bai iya surutu ba, shi ya sa muka sa masa sunan. Wanda yake son jin muryarsa sai ya dafa bakin sukundireba a jikin famfo, ya kara ƙotar a kunne, sannan zai ji wani ɗan siririn "sssss", kamar uwa tana lallashin yaro ya yi barci. In boris, ƙwallayen ƙarfen da shaf ke juyawa a kansu, ya fara neman giris, yakan ƙara da "cik, cik, cik", a hankali, irin na mai jin nauyin tunatar da kai. Matata ta sha cewa na fi ambaton sunansa a gida fiye da na 'ya'yana. Ban taɓa musa mata ba, don shi bai taɓa dawo mini da yagaggen wando ba.

Ni ba mai hassada ba ne, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Abin da zan faɗa yanzu tarihin rashin lafiyar marigayi ne kawai, kuma ba a ba da tarihin ciwo a tsallake inda aka kwaso shi.

Bara ne aka kawo sabon famfo. Cikin akwatin katako ya zo, an naɗe shi da leda, shuɗi fes, Manaja da kansa yana tafiya da baya a gaban motar ɗaukar kaya yana cewa a hankali, a hankali. Aka shimfiɗa masa tayil. Aka kewaye shi da shingen ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Sil ɗinsa kuwa, ba a magana: tankinsa daban, gejinsa biyu, ga 'yar fanka tana yi masa fifita, ga 'yar fitila da ke kunnuwa in ransa ya ɓaci. Ɗan taku kaɗan daga nan, Malam Shiru yana zaune a kan tsohon siminti, fentin famfonsa ya ɓaɓɓare, da siririn bututunsa guda. Duk baƙon da ya shigo ɗakin, mu yake ba baya. Har masu shara suka kwashe takalmansu suka koma can, wai tayil ya fi tsabta.

Sai kuma aka damƙa shi a hannun Auta.

Auta ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goya shi a wuya, ni na kawo shi masana'antar nan, ni na kama hannunsa na nuna masa inda noti ke kwancewa. Da sabon famfo ya zo, aka ce ana son mai jini a jika, aka tura shi kwas. Ya dawo da farar hular kwano da rigar aiki mai rubutu a ƙirji. Tun daga ranar Inna ta daina kiransa Auta. In mun je gaishe ta, sai ta gyara zama ta ce, "Injiniya, ya jikin injin naka? Yana dai cin abinci?" Ni kuma in baƙi suka tambaya, sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Wannan ne babban, shi ma yana can wajen famfo." Duk tsawon zamana da Malam Shiru, Inna ba ta taɓa tambayar lafiyarsa ba ko da wasa. 'Yata ta cikina ta zo kawo mini saƙo wata rana, ta wuce ni, ta je ta jingina da shingen nan ta ɗauki hoto, shi ne yanzu a fuskar wayarta. Da na yi ƙorafi a gida, matata ta ce, "To kai ma ka roƙi Auta mana ya koya maka?" Ranar ban ci abincin kirki ba.

Don kada in ɗauki alhakinsa, Auta bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Har gobe shi ke fara gaishe ni, har da rusunawa, da farar hularsa a hannu. Da ma ya yi girman kai da na samu abin riƙewa. Wannan ladabi nasa shi ya fi komai ci mini rai.

Akwai kuma maganar da kowa a masana'anta ya sani, ba mai faɗa a gabana. Irin Malam Shiru an daina ƙera su. Mai sito ya nema har ya gaji. Manaja ya riga ya faɗa cewa duk ranar da sil ɗin nan ya gaza, tsohon famfo ya zama na 'yan gwangwan, kuma famfo ɗaya mutum ɗaya yake bukata. Ba sai an faɗi sunan mutumin ba. Saboda haka ba ruwan zafi kaɗai marigayi yake tarewa ba. Abincin gidana ma a tsakanin fuskokin nan nasa biyu yake, kuma ina jin ya san haka, don ya riƙe da gaske.

Ciwon ajali ya faro ne daga maƙwabta. Da zafi ya shigo, sai shafaffe da mai, wato sil ɗin sabon famfo, ya fara shagwaɓa. Duk da tankinsa, duk da fankarsa, 'yar fitilar nan ta fara ja. Ga shi an ce masu kamfani na tafe su ga abin da suka saya. Manaja ya shigo yana zufa, ya duba nan, ya duba can, idonsa ya faɗa kan bututun tagullar Malam Shiru. Ya ce a yanka shi a tsakiya, a sa mahaɗa mai baki uku, a ja reshe zuwa tankin sabon. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Aro ne kawai. Ai tsohon naka ba ya shan ruwa da yawa." Auta ne ya yanka. Kafin ya ɗora zarto ya dube ni ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, umarni ne." Ni na riƙe masa bututun don kada ya lanƙwashe.

Reshen da aka ja ya fi kauri, kuma gangare yake bi. Ruwa kuwa ba ya da kara, inda ya fi sauƙi nan yake zuwa. Gejin layin yana can sama kafin mahaɗar, don haka allurarsa ta ci gaba da nuna wa duniya cewa komai lafiya. A kwanakin farko an ɗan matse reshen, marigayi yana samun abin jiƙa maƙoshi. Ruwan mazurari ya ragu, ya fi da zafi, amma yana zuwa. Bai yi ƙorafi ba. Ina ganin ƙato mai tanki guda yana shan rabon wanda bai da komai sai wannan, ina haɗiye abin da ke raina.

Ranar ziyara aka wanke ɗakin, aka jera kujeru. Manaja ya tsaya ya ƙare wa tsohon famfo kallo, ya ce zai ɓata hoto. Kashe shi ba zai yiwu ba, don ana son boila ta cika ta batse a gaban baƙi. Sai aka kawo tamfol aka lulluɓe shi yana aiki, daga sama har ƙasa, har da mazurarin. Aka kuma buɗe reshen sabon har ƙarshe, don kada fitilarsa ta yi ja ta kunyata mutane. Ni aka tsayar da ni a bakin ƙofa ina miƙa wa baƙi hulunan kwano.

Daga nan nake hango Auta da ɗan sanda a hannu yana nuna geji, yana bayani, manyan mutane suna gyaɗa kai. Wasu kalmomin ma a bakina ya fara jin su. Da ya gama aka ɗau tafi. A cikin tafin nan ne marigayi, wanda bai taɓa ɗaga murya ba tun da aka ɗaura shi, ya yi kira. "Ƙiiiiii." Na ji. Na ɗauka kujera aka ja a kan tayil. Idona yana kan hannun babban mai kamfani, wanda ya riƙe na Auta ya ƙi saki. Marigayi ya sake yi, wannan karon da rawar murya, "ƙii, ƙii, ƙiii", aka ƙara tafi saboda an ce Auta ya maimaita wani abu. Sai "ƙas!" Tamfol ya kumbura, tururi ya turnuƙe, ruwan zafi ya malalo har ƙarƙashin kujeru, manya suka tattare ƙafafun wando suna tsalle. Na zubar da hulunan na ruga na kashe injin, amma kafin shaf ta gama tsayawa na san an riga an gama.

Abin da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina shi ne maganar babban mai kamfani. Yana karkaɗe takalmi, ya nuna tamfol ɗin ya ce wa sauran, "Kun ga dalilin da ya sa muka sayo sabo." Aka yi dariya. Har mutuwarsa ma sai da aka mayar da ita yabon wani.

Da ƙarfe ya huce na kwance shi da hannuna. Baƙin zoben ya tsage gida-gida. Farin ya yi zane-zanen ƙuna. Robar da ke bayansa ta ƙandare, ina taɓa ta tana marmashewa. Mazurarin kuwa a bushe yake ƙamas, ko danshi babu. Na juya na dubi sabon famfo, fitilarsa koriya shar, tankinsa har gumin sanyi yake yi. A nan ne na san ina da hassada, kuma ba 'yar kaɗan ba.

Marigayi ya rasu ya bar shaf, abokiyar zamansa, wadda ba ta sake juyawa ba tun ranar. Ya bar boris biyu, da sifirin guda wanda har yanzu yake dannawa ko da yake babu abin dannawa. Ya bar mazurari. Ya bar bututun tagulla, wanda muke sanarwa cikin takaici cewa ko zaman makoki bai tsaya ba, tuni ya tare gaba ɗaya a wajen sabon famfo. Ya kuma bar ni. Iyalan marigayi suna roƙon kada a lissafa sil ɗin sabon famfo a cikin dangi, ko da an ga kama.

Washegari Manaja ya kira ni ofis. Na tafi na riga na kwashe kayana daga loka, na shirya fuskar da zan shiga gida da ita. Sai ya ce in zauna. Ya ce Auta ya riga ni zuwa, ya tsaya a nan inda nake, ya cire farar hularsa ya ɗora a kan tebur, ya ce abin da ya faru ya nuna ruwan sanyi yana bukatar mai tsaronsa, ba geji kaɗai ba, kuma in za a sallami yayansa to a haɗa da shi. Saboda haka ba a sallame ni ba. An mayar da ni mataimakin Auta.

Ina roƙon masu karanta wannan sanarwa su tsaya su auna wannan jarrabawa. Da kora ta aka yi, da na tafi da fushina cikakke, in yi ta ba jikokina labarin zaluncin da aka yi mini. Yanzu kuwa kowace loma da za a ci a gidana, da sa hannun ƙanina a ciki. Inna ta ji labari ta fashe da kuka, ta yi ta sa wa Injiniya albarka har muryarta ta dushe. Matata ta tura masa yara su yi godiya. Ni ma na je. Na tsaya a bakin shingen nan zan yi masa godiya. Ya riga ni, ya ce, "Haba Yaya, wa ya koya mini riƙe sifana?" Na rasa inda zan sa kaina. Ina son yaron nan, kuma ina jin haushinsa, duka biyun a ƙirji ɗaya.

Aikina yanzu shi ne bawul ɗin ruwan sanyi na sabon sil. Bututun dai shi ne, ruwan ma shi ne. Alfarma ɗaya na nema, aka yi mini: na ɗauko mazurarin marigayi na ɗaura a ƙarƙashin sabon, don ni ban iya gaisawa da allurar geji ba. Safiyar farko na tara bayan hannuna, ruwan ya sauko da ɗumi irin na wankan jariri. Na duba babu mai kallona, na dafa sukundireba na kara a kunne. Na so in ji gurnani, ko kaushi, ko wani abin da zan raina. Sai na ji "sssss", murya siririya, a natse, sak irin ta marigayi. Na daɗe a tsaye da hannuna a kan bawul ɗin. Duk masana'antar nan babu wanda ya kai ni sanin abin da murɗa ɗaya zuwa dama za ta haifar, da irin kukan da zai biyo baya. Na murɗa hagu kaɗan, don ya ɗan fi ɗumin da nake so.

Za a yi jana'izar marigayi ranar ƙarshen mako, bayan an tashi daga aiki, kafin 'yan gwangwan su zo ɗaukar famfon. An riga an wanke shi da kananzir, an naɗe shi a hannun tsohuwar rigar aikina. Ba za a jefa shi a tarin ƙarafa ba. Makwancinsa shi ne ƙasan akwatin kayan aikina, ƙarƙashin sifanu, inda ba zafi ba matsi. Auta ne zai ɗauke shi zuwa can. Shi ya roƙa, ni kuma na duba na ga babu wanda ya iya riƙe sil ta gefe, ba tare da ya sa yatsa a fuskarsa ba, sai shi.

Ana roƙon masu halarta su shigo ta ƙofar baya. Ba a yarda da ɗaukar hoto ba, tunda ba a ɗauka ba yana raye. Waɗanda suka yi tafi ranar ziyara za su iya zuwa, amma su bar hannuwansu a aljihu. Wanda ya kawo tamfol ya yi zamansa, mun yafe masa zuwa. An gayyaci Inna, kuma iyalan marigayi za su ji daɗi in ta tambaya, ko sau ɗaya, wa yake kula da shi duk shekarun nan.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa kullum a lokacin aiki, a cikin shinge mai ruwan ɗorawa, gefen bawul ɗin ruwan sanyi, inda za a same ni a kan ɗan benci. Wanda ya zo ya yi ta'aziyyarsa a taƙaice. In yabon sabon famfo ya taso masa, ya daure ya riƙe har ya fita waje. Wanda kuma yake son yi mini alheri na gaske, to ya roƙa wa marigayi sanyin da aka hana shi, ni kuma ya roƙa mini Allah ya sa hannun nan nawa ya ci gaba da murɗa bawul ɗin hagu.